Dan Allah samari, a daina jin haushin mai tambayar "a ina ka gani?"

Shekaranjiya da daddare a teburin mai shayin bakin layinmu na ga abin da har yanzu yake min ciwo. Wani yaro, ba zai wuce shekara ashirin da biyu ba, ya jingina wayarsa da gwangwanin madara yana kunna wa mutane bidiyo, shi kuma yana fassara. Wai sojojin nan na Yaƙin Salibi da ake ce wa Templar sun haƙa ƙarƙashin Masallacin Ƙudus sun tono littattafan sihiri na zamanin Annabi Sulaiman (AS), wai da aka taso su sai suka gudu Sikotland da dukiya jirgi-jirgi suka rikiɗe suka zama Freemason, daga nan Illuminati, kuma wai su ne ke juya dala da farashin mai har gobe. Sai wani dattijo tsohon malamin makaranta da ke gefe yana jiran indomi ya ce cikin sanyin murya, ɗana a wace shekara suka gudu ɗin, kuma wa ya rubuta? Wallahi yaron nan ko kunya babu ya ce baba ai irinku ne boko ya wanke wa ƙwaƙwalwa. Aka kwashe da dariya. Dattijon ya karɓi ledarsa ya tafi.

Ni ba labarin ne ya ɓata min rai ba, tatsuniya ai mun sha ta tun muna yara. Wannan ɗabi'ar ce, ta a tambaye ka hujja ka mayar da mai tambaya abokin gaba. Ka ce kaza, a ce ina ka samo, sai ka ce ai ɓoyewa suka yi. A ce to kai ya aka yi ka sani, sai ka ce je ka yi bincike. Wane binciken? Bidiyon minti shida mai kiɗan ban tsoro? Dokin mai baki dai ya fi gudu.

Kuma abin takaicin, 'yan Templar ɗin nan tarihinsu a rubuce yake ba a kogo aka rufe shi ba. An kafa ƙungiyar a Ƙudus wajen 1119, Hugues de Payens ne shugabansu na farko, Baldwin na biyu, sarkin Turawan Salibi da ke mulkin Ƙudus, ya ba su masauki a cikin Al-Aƙsa, wanda Turawan ke kira Temple, wato haikalin Annabi Sulaiman, daga nan sunan ya samo asali. Larabawan zamanin Dawiyya suke ce musu, sun san su ido da ido. Usama bin Munƙiz ya rubuta da kansa cewa yana da abokai a cikinsu, har sukan ba shi wuri ya yi sallah a gefen masallacin, ranar da wani sabon zuwa ya fisgo shi yana juya masa fuska gabas su ne suka janye mutumin suka ba shi haƙuri. Salahuddin ya murƙushe su a Hiddin a 1187. A 1291 birnin Akka ya faɗi hannun Mamluk, sarakunan Musulmi na Masar, 'yan Templar suka rasa cibiyarsu. To waɗanda suka tono sirrin mulkin duniya ne ake kora gari bayan gari haka? Ka yi wannan tambayar a majalisa ka ji, yanzu za a ce kai ma an saye ka.

Ƙarshensu ma ba wani abin al'ajabi. Sarkin Faransa Filib na huɗu bashi ya yi masa katutu, a 1306 ya kori Yahudawa ya ƙwace dukiyarsu, ranar Juma'a 13 ga Oktoban 1307 ya sa aka kame 'yan Templar na ƙasarsa a rana ɗaya. Aka gana musu azaba suka amsa laifuka, wanda duk wanda ya taɓa ganin an tsare mutum ana jibga ya san ko satar wata aka ce ya yi zai amsa. Fafaroma Clement na biyar ya rusa ƙungiyar a 1312, kadarorinsu aka miƙa wa takwarorinsu Hospitaller, shugabansu na ƙarshe Jacques de Molay aka ƙone shi a Paris a 1314 bayan ya janye abin da ya amsa. Babbar majalisar Freemason ta farko kuwa a Landan aka kafa ta a 1717, Illuminati a Bavaria a 1776. Shekara ɗari huɗu da 'yan kai ke tsakani, yaron nan ya tsallake su kamar kwata, kuma wanda ya ce tsaya mu ƙirga shi ne wawa.

Wanda ya fi ƙona min rai shi ne Baphomet, gunkin da aka zargi 'yan Templar da bauta wa, wanda masu yaɗa labaran nan suke ta ambata suna tura hoton bunsuru mai ƙaho. Hoton nan wani Bafaranshe Eliphas Levi ne ya zana shi a ƙarni na 19, fiye da shekara ɗari biyar bayan an ƙone de Molay. Sunan kuma mafi yawan masana tarihi sun tafi a kan cewa gurɓata sunan Manzon Allah (SAW) ne a bakin Turawan lokacin, ƙazafi ne aka ƙulla don a ce mutanen sun karkata ga Musulmi. Kai kuma kana nan kana yaɗawa kana ganin addini kake karewa. Haka batun sihiri, Alƙur'ani ya wanke Annabi Sulaiman ƙarara a cikin Baƙara. A rashin sani kaza ta kwana kan dami.

Ni fa ban ce a gaskata duk abin da Bature ya rubuta ba, Allah ya kiyaye, su ma sun zuba ƙarya iri-iri a kanmu, kuma zaluncin manyan ƙasashe a fili yake ba sai an nemo shi a rami ba. Amma mu da muka gaji isnadi, malamanmu suna tafiyar watanni saboda hadisi ɗaya, mu ne yau tambaya ta zame mana zagi? Ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji, hadisi ne a Sahihu Muslim, kowa ya haddace amma yatsa na kan maɓallin turawa. Kuma ku lura, yawanci masu wannan zafin su ne za ka ga kuɗin data bai gagare su ba, na cacar ƙwallo bai gagare su ba, littafi ɗaya ne dai tsada. Mutum ya san asirin masu mulkin duniya amma bai san sunan kansilan unguwarsu ba.

A ɗan rage dai, a riƙa nutsuwa, in an tambaye ka ka ce bari in duba, matambayi ba ya ɓata. Da a zaure in aka yi wa malam tambayar da ba ta zo masa ba sai ya yi shiru ya ce Allahu a'alamu, gobe a dawo, kuma girmansa ƙaruwa yake. Yaro ba ya katse babba balle ya yi masa dariya a bainar jama'a. Yanzu duk wannan ya tafi. Jiya na sake bi ta teburin, yaron na nan da sabon bidiyo wai 'yan Templar sun riga Columbus zuwa Amurka, mai shayin ya ce min dattijon aiko jikansa ya yi ya karɓar masa indomin.