Ya sunan kakar kakarka?

Wata abokiyar aikina a Gilasgo, 'yar asalin tsibirin Skye da ke Sikotlan, ta buɗe kwamfutarta lokacin hutun rana ta nuna min gidan kakanninta tun daga 1841. Takardun ƙidayar jama'a ne da hukumar adana bayanai ta Sikotlan ta ɗora a shafin ScotlandsPeople, ka biya ɗan kuɗi ka ga rubutun hannun malamin ƙidaya. Da ta gama sai ta tambaye ni sunan kakar kakata. Na yi shiru, kuma har yau abin na cina.

Su duk shekara goma ake ƙirga mutanen kowane gida, sai a kulle takardun shekara 100 kafin a saki. Shi ya sa na 1921 bai fito ba sai 2022. Na 1841 bai faɗi dangantakar mutanen gida ba, shekarun manya ma ragewa ake yi a mayar da su biyar-biyar, mai 44 ya koma 40. Daga 1851 ne ake ganin maigida, matarsa, 'ya'yansa, da garin da aka haifi kowa. A 1861 har ɗakuna masu taga aka ƙirga. Gidan kakanninta ɗaki ɗaya ne mai taga, mutum bakwai a ciki, da ɗan filin haya da suke nomawa. Shekara goma gaba, maigidan ya rasu, an rubuta matar a matsayin mai gida, babban ɗansu babu shi, daga baya abokiyar tawa ta gano shi a Kanada. A 1891 kuma aka sa alamar cewa tsohuwar, harshensu na Gelik kaɗai take ji, ba ta jin Turanci. Talaka ce fa, ba 'yar kowa ba, amma ga sunanta nan.

Na san za a ce muna da namu. Akwai salsalar sarakuna, akwai maroƙa masu jero asalin mutum, akwai takardu a Arewa House da ke Kaduna. Kuma ba don ƙauna aka ƙirga mutanen Skye ba, a shekarun nan ne masu ƙasa ke korarsu daga gonaki don su zuba tumaki. Kakanninmu ma da suka riƙa ɓuya wa mai ƙirga suna da hujja, haraji da jangali ke biye da shi. Duk na yarda. Amma maroƙi mai abin hannu yake wa kirari, ba ya jero asalin mai tallan fura. Ƙidayarmu kuwa rigimar yawa ce kawai: an soke ta 1973, tun 2006 ba a sake yi ba.

Abin da ya fi yi min ciwo mata ne. A gidanmu babu mai kiran sunan kakata. Iya ce a wurinmu, surukanta Hajiya suke cewa, jikar da aka sa wa sunanta kuma aka koma kiranta Ummi don kunya. Tarbiyya ce mai kyau, ina sonta, a kanta nake renon 'ya'yana a nan. Sai dai ita ce ta haɗiye sunan mahaifiyar Iya da ƙauyen da aka auro ta. Goggona ce kaɗai ta rage da ta san su, ga ta da ciwon ƙafa da nauyin ji, ni kuma ina nan bakin duniya. A waya ba ta sakin jiki da irin wannan hira, sai an zauna kusa da ita a tabarma bayan isha'i.