Gilashin ƙofa da babbar rigar Baba

Kun dai san Corollar nan tawa, kun kuma san surukina, Baba. Daga ɗaurin aure na ɗauko shi, hadari ya haɗu. A danja ya sauke gilashi zai ba almajiri sadaka. Gilashi ya sauka lafiya lau, ya ƙi hawa. Sai ruwa ya ɓarke.

Na danna daga makunnin wajena, shiru. Na duba maɓallin kulle tagogi, a buɗe yake. Sai na tuna dabarar 'yan gareji: idan kabon ɗin da ke cikin moto, wato ɗan injin da ke ɗaga gilashi, ya cinye, ka riƙe makunni ka doki ƙofar, wani lokaci ya tashi. To ƙofar a gefen Baba take. Haka na gangara gefen titi, na kwanto a kan cinyar surukina, hulata ta faɗa tsakanin ƙafafunsa, ina dukan ƙofa dam, dam, dam, ruwa na zuba a kan farar shaddarsa mai sitaci. Bai ce uffan ba. Carbinsa kawai yake ja ta saman keyata. Na ce, "Baba, a yi haƙuri, yanzu zai tashi." Ya ce, "Allah ya sa." Na ƙara duka. Ya ɗauko hular ya riƙe mini.

Ana cikin haka wani mai adaidaita ya tsaya daidai tagar, ya leƙo: "Alhaji, ko a kawo leda?" Mutumin da abin hawansa ko ƙofa babu! Fasinjojinsa mata har da tafawa. Na riƙe fuskarsa, akwai tabo a goshinsa.

Washegari wani mai gyaran wutar mota, ko taɓa ƙofar bai yi ba, ya ce moto ne, a sayo. Na ce a bi a hankali. Sauran tagogi uku na aiki, ke nan ba babban fiyus ba ne. In da wayar ƙarfen da ke jan gilashi ce ta tsinke, da an ji moto na gurnani gilashi bai motsa ba, ko ya zurma cikin ƙofa. In da moto ne ya cije, da fitilar rufi ta ɗan dusashe idan an danna. Babu ko ɗaya.

Muka cire murfin ƙofa, muka ɗaga ledar ciki ba tare da yaga ta ba, don ita ke tare ruwa. Muka zare fulogin moto muka ba shi wutar batir kai tsaye: gilashi ya hau. Muka juya wayoyin biyu: ya sauka. Moto lafiyarsa ƙalau. Ashe layin tagar fasinja ta makunnin direba yake bi, kuma a cikin robar nan mai lanƙwasa da ke tsakanin ƙofata da jikin mota waya ɗaya ta karye saboda buɗewa da rufewa. Ƙofar da na yi ta jibga ba ruwanta.

Aka yanke wurin, aka ƙara guntuwar waya mai kauri ɗaya, aka yi soda, wato aka liƙe mahaɗar da dalma, aka rufe. Robobin da gilashi ke bi muka wanke, muka fesa silikon. Kada ku yarda a shafa musu baƙin mai, ƙura yake kamawa ya kuma lalata robar.

Baba dai ya aiko cewa ɗaurin auren Asabar mijin ƙanwar matata zai ɗauke shi, mai tsohuwar Golf ɗin nan da ake murɗa gilashi da hannu.