Layin asibitin yara ba layin gidan mai ba ne

Duk lokacin da yaro ya rasu a asibiti, abin da za ka fara ji shi ne iyayensa ba su kawo shi da wuri ba. Sun tsaya jiƙe-jiƙe, sun tsaya wajen mai kemis, sai da abu ya ci tura suka kwaso shi. Akwai gaskiya a ciki, ban musa ba. Amma akwai wani lattin da ake yi bayan an shigo ƙofar asibitin, shi kuwa ba a cika maganarsa ba.

Ku leƙa sashen yara na manyan asibitocinmu daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro yake ganiyarsa. Mata ne cike da benci, wasu a ƙasa, kuma a wurare da dama ƙa'idar ɗaya ce: wanda ya riga zuwa shi ake fara gani. Mai ƙurji a ka yana gaba. Can baya wata ta lulluɓe nata da hijabi, ya yi lakwas, tafin hannunsa fari fat, ita tana zaton barci yake. Kunya da tsoron tsawa ba za su bar ta ta tsallake layi ba. Kafin ta yanki kati, ta biya a wata taga, likita ya rubuta, uban ya fita neman kanula da sirinji da safar hannu, sannan a ce sai an kawo mai ba da jini, rana ta yi nisa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta daɗe tana cewa da yawan yaran da ke mutuwa a asibiti, cikin awa 24 na farko suke mutuwa.

Abin haushin, maganin wannan ba ya buƙatar biliyoyi. A Malawi, ƙasar da ba ta kama ƙafarmu a arziki ba, asibitin Queen Elizabeth da ke Blantyre ya sauya tsarin karɓar yara a 2001, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Elizabeth Molyneux. Aka sa ana duba kowane yaro da zarar ya iso, ana raba su gida uku: na gaggawa, na bi masa, da wanda zai iya jira. Mace-macen yaran da aka kwantar ya sauko daga kashi 10 zuwa 18 cikin ɗari, ya koma kashi 6 zuwa 8. Irin wannan tsarin ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2005 da sunan ETAT. Dubawar ba ta kai minti ɗaya ba: yana numfashi da ƙyar? Hannunsa ya yi sanyi? Yana taune-taune? Ba ya gane mutane? Idonsa ya faɗa? Littafin koyarwar har cewa ya yi a koya wa maigadi da mai shara da mai yankan kati waɗannan alamomin, tunda su ne farkon masu ganin yaron.

Ta ɓangaren doka ma ba a bar mu a baya ba, a takarda dai. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya haramta hana mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, da tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba. To mene ne amfanin dokar idan kabad ɗin nas wayam yake? Tun 2010 wani babban bincike a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya, ya nuna allurar atesunet ta fi kwinin ceton ran yaro mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. Idan sai uba ya tsallaka titi da tsakar dare ya sayo ta, binciken bai iso gare mu ba. Haka iskar oksijin, haka ruwan sikari, haka sikeli. Eh, sikeli. Maganin yaro da nauyinsa ake auna shi, amma sau nawa kuka ga an ɗora yaro kafin a zuƙi allura? Kintace a nan ganganci ne.

Ba nas-nas nake zargi ba. Wadda aka bar wa ɗaki cike da yara ita kaɗai da dare, biyu ko uku a gado ɗaya, ga wuta an ɗauke tana neman jijiya da fitilar waya, Allah ne kaɗai zai biya ta. Masu rabon ma'aikata da kasafi nake nufi, waɗanda suka fi son sabon gini da za a yanke ƙyalle a gabansa.

Iyaye mata, in kin ga ɗaya daga alamomin can, kada ki zauna a benci. Wuce kai tsaye wajen nas ki buɗe mata shi, ko da za a harare ki.

Kwamishinonin lafiya kuma, roƙona biyu ne. A ajiye akwatin maganin gaggawa a kowane sashen yara, a yi wa yaro amfani da shi kafin a tambayi rasit. Sannan a riƙa rubuta lokaci biyu a kan kati, lokacin da yaro ya shigo da lokacin da ma'aikaci ya fara taɓa shi, shugaban asibiti ya duba su duk ƙarshen wata.