Kyaftin ɗin 'yan kashe gobarar daji ba mai riƙe tiyo ba ne

Da yawa na ɗauka kyaftin ɗin 'yan sa-kai masu kashe gobarar daji a Ostareliya shi ne jarumin da ke gaba riƙe da tiyo. Ba haka ba ne. A jihar New South Wales, ƙarƙashin hukumar kashe gobara ta yankunan karkara (RFS) da aka kafa a 1997, abokan aikinsa ke zaɓensa, kuma ba albashi. Galibin aikinsa tun kafin wuta ta tashi ne: horar da sababbi, duba motoci, ƙone busasshiyar ciyawa da gangan don rage abin da gobara za ta ci. Ranar gobara kuwa, idonsa na kan iska da hanyar tsira. Iska na juyawa, shi zai ce a janye, ko da gidan maƙwabcinsa ke ci, sannan ya ƙirga mutanensa ɗaya bayan ɗaya.