Ƙungiyoyin farar hula ba bakinsu ɗaya ba

A fadojin shayi na Damagaram ana yawan cewa idan mai mulki ya fara taka kundin tsarin mulki, ƙungiyoyin farar hula da na ƙwadago duk za su tashi tare su tare shi. Ba haka abin yake ba, kuma Tazarce, wato yunƙurin tsawaita mulkin Shugaban Nijar na lokacin, Tandja Mamadou, ta nuna mana.

Nan Zinder ne aka fara ɗaga kiran Tazarce da ƙarfi, a watan Oktoba na 2008, ranar aza harsashin matatar mai. A 2009 Shugaba Tandja Mamadou ya rushe majalisar dokoki, ya rushe kotun tsarin mulki, ya shirya zaɓen raba gardama ranar 4 ga Agusta don ƙara wa kansa shekara 3 a kan mulki. Manyan ƙungiyoyin ƙwadago sun kira yajin aiki. Amma farar hula ta rabu biyu. Cikin jagororinta, Marou Amadou ya yi adawa har aka kama shi, Nouhou Arzika kuwa ya goyi bayan Tazarce, alhali a 2005 tare suka yi gwagwarmayar tsadar rayuwa.

Dalilin yana damuna, amma a fili yake. Kowace ƙungiya tana da abin da take karewa: albashin mambobi, kwangila, lasisin aiki, ko matatar da jiha ta daɗe tana jira. Wadda cinta ya rataya ga gwamnati takan yi shiru ko ta bi. Sojoji ne suka kawo ƙarshen lamarin ranar 18 ga Fabrairu 2010.