Bakano a Manila, Ranar da Alƙibla ta Koma Yamma

Bazazzagi ya shirya zuwa Manila duba ɗansa da ke karatun likita. Bakano ya ce ƙafarsa ƙafar Bazazzagi, wai shi da ya taka Dubai ya taka Guwanzu, babu garin da zai ba shi mamaki. Ga su nan a ɗakin yaron, daren da suka sauka.

BAKANO: Likita, miƙo buta, ana bin mu Isha'i.

ƊALIBI: Baba Alhaji, ai babu buta a garin nan. Akwai tabo a banɗaki, da shi kowa yake amfani.

BAKANO: Taɓo? Da taɓo ake tsarki a nan? Ko taimama ai da busasshiyar ƙasa ake yin ta!

ƊALIBI: Ba taɓo ba, tabo. Moɗa ce ta roba mai mariƙi, tana cikin bokiti.

BAKANO: Ƙasa mai tsibiri sama da 7,000, ruwa ta ko'ina, a ce babu buta ko ɗaya? Bazazzagi, ɗauko biro ka rubuta: buta, kwantena biyu.

BAZAZZAGI: Ko jaka ba ka ajiye ba ka buɗe shago.

BAKANO: (ya fito yana ɗigar ruwa) Likita, ta ina rana take fito muku?

ƊALIBI: Ta wajen tagar nan. Amma Baba, juyowa za ka yi. Alƙibla a nan yamma take, ka ɗan karkata arewa.

BAKANO: Yamma? Yaro, likita aka turo ka karanta ko bidi'a? Tun da aka haife ni gabas nake kallo. Ubana gabas, kakana gabas.

BAZAZZAGI: Kai bawana, saurara. In ka taso daga Kano za ka Zariya, ka wuce Kwanar Dangora, ina Kwanar take?

BAKANO: A bayana.

BAZAZZAGI: To Makka ma ka wuce ta tun a jirgi, kana barci baki buɗe.

ƊALIBI: In ka miƙe gabas daga nan, Baba, babu komai sai tekun Fasifik.

BAKANO: Ilimin Zazzau ke nan, kullum sai an ƙirƙiro abin da babu a littafi. Kowa ya kalli inda ya saba.

(Haka aka yi sallar, ƙeya na kallon ƙeya. Suna sallamewa sai ga wata murya daga titi.)

MAI TALLA: Baluuut! Baluuut!

BAKANO: Me yake sayarwa?

ƊALIBI: Ƙwai ne dafaffe, amma Baba...

BAKANO: Babu amma. Tun a jirgi ake ba ni abin da ban san sunansa ba. Ƙwai dai ƙwai ne ko a Sin. Karɓo uku.

(Ya fasa, ya leƙa, ya yi shiru.)

BAKANO: Bazazzagi, zo ka gani. Ƙwan nan yana kallona.

BAZAZZAGI: Gaishe shi mana.

BAKANO: Wallahi baki gare shi! Ga gashi! Likita, an cuce mu, kwantai ya sayar mana.

ƊALIBI: Haka ake son sa. Ƙwan agwagwa ne, sai ya yi kamar kwana 17 a kwance, ɗan ya fara haɗuwa, sannan a dafa. Ka fara kurɓe romon, ka barbaɗa gishiri ko ka ɗiga ruwan tsami.

BAKANO: To tsaya. Ƙwai ne ko tsuntsu? In ƙwai ne, me ya kai masa ƙafa? In tsuntsu ne, wa ya yanka shi? Malam Bazazzagi, yau ga ranar iliminka, ba mu fatawa.

BAZAZZAGI: Fatawata ita ce, tunda ka biya kuɗi, kuma Bakano ba ya asara, na san ƙarshen zancen.

BAKANO: Ci dai ba zan ci ba. Amma a ajiye min su a ɗumi, ko Allah zai sa su ƙarasa.

ƊALIBI: Baba, dafaffu ne fa.

BAKANO: Kai dai ajiye.

(Washegari Juma'a, suka fito za su masallaci a unguwar Quiapo. Wata doguwar mota ta tsaya, jikinta duk fenti da madubai da dawakan ƙarfe a kan hanci.)

BAKANO: Wannan mota ce ko jeren amarya?

ƊALIBI: Jifni ke nan. Asalinta jif-jif ɗin da sojan Amurka suka bari bayan yaƙi a 1945, mutanen gari suka ja musu jiki suka sa benci biyu. Ta baya ake shiga, a sunkuye.

BAKANO: Gwiwata tana gaisawa da ta wannan baiwar Allah. Kuma waƙar me ke tashi haka?

ƊALIBI: Ta Kirsimeti ce.

BAKANO: A Satumba?

ƊALIBI: Daga 1 ga Satumba suke farawa.

BAZAZZAGI: Ka ga masu shiri. Kai kuwa sai daren Salla kake tuna ba ka kai wa tela ɗinki ba.

BAKANO: Ina kwandasta?

ƊALIBI: Babu. Ka miƙa wa na kusa da kai kuɗin ka ce "bayad po", shi zai miƙa gaba har ya isa hannun direba.

BAKANO: In ba wani ƙato kuɗina, ban san shi ba, ban san ubansa ba?

BAZAZZAGI: Miƙa dai, a yau za mu ga zuciyar Bakano ta bar ƙirjinsa.

(Ya miƙa peso 100 yana bin ta da ido.)

BAKANO: Hannu ɗaya... biyu... waccan mai jar rigar ta riƙe ta da yawa... huɗu... Likita, ta shige gaba, ba na ganin ta! Innalillahi!

(Direba yana tuƙi da hannu ɗaya, takardun kuɗi a soke tsakanin yatsunsa, ya ƙirgo canji ya miƙo ta kafaɗa. Canjin ya biyo hanyar da kuɗin ya bi.)

BAKANO: (ya ƙirga sau biyu) Cif. Ko sisi bai yi ciwon kai ba. Hannu shida fa! Lalle akwai abin da suke nufi da ni.

(Wata tsohuwa da ta shigo ta baya ta miƙo masa silalla.)

TSOHUWA: Bayad po.

BAKANO: Allahu Akbar. Na gode, Iya, Allah Ya yi albarka. (ya zura a aljihu) Ka gani, Bazazzagi? Sun san darajar baƙo. Kai me aka ba ka?

ƊALIBI: Baba! Kuɗin motarta ne, gaba za ka miƙa!

BAZAZZAGI: Shekara 80 kuɗi yana tafiya lafiya a motar nan, sai yau da ya haɗu da ɗan Kantin Kwari.

BAKANO: Ajiya na yi mata. Direba, akwai! Akwai sauka!

ƊALIBI: Ba zai gane ba. Ka ce "para po".

BAKANO: Ina so ya tsaya, kuma in ce masa fara?

ƊALIBI: Para, da harafin P.

BAKANO: Ai shi na faɗa. Fara fo!

ƊALIBI: Su kuma nan F ce take zame musu P. Ƙasar ma Pilipinas suke kiran ta.

BAKANO: Ashe gado aka raba mana, mu muka ɗauki F suka ɗauki P.

(Tsohuwar ta ƙwanƙwasa silalla a jikin ƙarfen rufi, motar ta tsaya cak. Suka sauka cikin cunkoso, Ɗalibi ya tambayi wani mai rake da 'ya'yan itace hanyar masallaci. Mutumin ya turo leɓe gaba.)

BAKANO: Kai! Ni kake zunɗe?

ƊALIBI: Hanya yake nunawa, da baki suke nuni.

BAZAZZAGI: Kamar yadda uwargidanka take nuna ɗakin amarya.

BAKANO: Bar wannan zancen, muna ƙasar mutane. Kai, ga hula! Ga hijabi! Likita, ina muka shigo?

ƊALIBI: Unguwar Musulmi ce, yawancinsu 'yan kasuwa ne daga Mindanao, can kudu. Ga pastil can, shinkafa da naman kaza a ƙunshe cikin ganyen ayaba, halal ne. Wancan mai ƙubba ruwan zinare shi ne masallacin. A 1976 Imelda Marcos, uwargidan shugaban ƙasar na lokacin, ta sa aka gina shi saboda Gaddafi zai kawo ziyara, ƙarshe bai zo ba.

BAKANO: Baƙo bai zo ba, masallaci ya zauna. Allah Ya ƙaro mana irin waɗannan baƙi.

(Suka shiga. Bakano ya dubi sahu, ya leƙa waje ya dubi inuwa, ya sake duban liman.)

BAKANO: (a hankali) Bazazzagi. Har liman?

BAZAZZAGI: Har liman. Je ka gyara masa.

BAKANO: Ni dama na sani, gwada ka nake yi.

(Ana idarwa ya fito da sauri, takalmi ɗaya a hannu, ya zaro waya.)

ƊALIBI: Baba, akwai tazarar awa 7 fa, yanzu gari yake wayewa a Kano.

BAKANO: Shi ya sa nake sauri. Hajiya? Kina ji na? Kin yi Asuba? Ina kika kalla? Gabas? To tashi ki sake. Ki tashi yaran ma, a aika wa limamin unguwa. An mayar da ita yamma, da idona na gani a masallacin Juma'a.