Bayan an sake shi, a ina zai kama haya?

Duk lokacin da labarin fyaɗe ya ɓulla, sai mu cika Facebook da "a dandaƙe shi, a rataye shi". Na san zafin, ni ma uwa ce. Kaduna ma ta sa dandaƙa cikin dokarta tun 2020. Amma abin da ke hana ni barci daban ne: wanda ya gama zaman gidan yari, ko wanda aka yi sulhu aka sallame shi, wa ke sa masa ido?

A tsohuwar unguwarmu akwai wani mai shago, kullum yara na bakin kantarsa yana miƙa musu alawa kyauta. Ranar da asirinsa ya tonu a kan wata 'yar shekara bakwai, manya suka taru a zaure aka ce a rufa asiri, yarinya ce, akwai aure a gabanta. Cikin dare ya kwashe kayansa. Bayan wata shida na gan shi da idona a wata unguwa, ya buɗe sabon shago daura da wata islamiyya, kwalbar alawar nan tana kan kanta. Wallahi ƙafafuna sai da suka yi sanyi.

A Ingila, tun 2015 kotu na da umarni iri biyu don irin wannan mutum. Wanda aka kama da laifi, alƙali na iya gindaya masa sharuɗɗa na aƙalla shekara 5: ba aiki a inda yara suke, ba keɓewa da yaro, ba shiga intanet sai da wayar da 'yan sanda za su iya bincikawa, wani ma a hana shi fita ƙasar. Na biyun ko ba a taɓa yanke wa mutum hukunci ba, in 'yan sanda sun kawo hujjar abin da ya aikata, ana ɗaure shi da sharaɗi na aƙalla shekara 2. Wanda ya karya, ɗauri har shekara 5. Iyaye kuma na iya tambayar 'yan sanda tarihin mutumin da ke mu'amala da ɗansu. Kisan Sarah Payne, 'yar shekara 8, a 2000 ne ya jawo aka ba iyaye wannan dama, don wanda ya kashe ta an taɓa ɗaure shi a kan wata yarinya.

Na san za a ce a nan sai a riƙa yi wa mutane sharri. Gaskiya ne, shi ya sa nake so a bar abin a hannun alƙali da hujja, kada ya koma zancen majalisa.

Mu ma muna da abin kamawa. Dokar VAPP ta 2015, wato dokar hana cin zarafin mutane, ta ba kotu ikon ba da umarnin kariya, hukumar NAPTIP mai yaƙi da fataucin mutane kuma ta buɗe rajistar masu fyaɗe a Nuwamba 2019. Sai dai sunan da aka binne a zaure ba ya kaiwa rajista. Kuma ba yara kaɗai ba. Ku tuna mai taɓin hankalin da ake gani a kasuwa da ciki, da kurmar da ba ta da bakin faɗar wanda ya taɓa ta.

Masu makarantu, kafin ku ɗauki malami ko maigadi, ku bincika inda ya baro da dalilin barinsa. Ni dai ranar nan na je na sami shugaban islamiyyar, na gaya masa duk abin da na sani.